Makunnin da Ido Ba Ya Gani a Tashoshin Rarraba Wutar Lantarki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana a kan wani sauyi da ya shigo tashoshin rarraba wutar lantarki ba tare da an yi masa shela ba, alhali ran mai hawa turken wuta da na mai wucewa a ƙarƙashin waya suna rataye da shi. Mu ma'aikatan sashen kariyar layi ne, masu saita na'urar da ake kira rile. Maganarmu a kan makunnan da aka kwashe daga jikin allon ƙarfe aka mayar da su cikin manhajar wannan na'ura ce.

Ga wanda bai taɓa shiga ɗakin sarrafa wuta ba, kowace fida, wato layin 11kV ko 33kV da ke fita daga tasha ya kai wuta gari, tana da bireka, wato babban makunnin da ke iya yanke wuta ko da dubban amfiya ne ke gudu a layin. Buɗe bireka shi ne yanke wuta, rufe ta kuma shi ne mayar da wuta. Bireka ba ta gani, rile ne idonta. Yana auna wutar da ke bin layin ta hannun CT, na'urar da ke rage wutar layi zuwa ƙaramar da rile zai iya aunawa, da zarar ta wuce iyakar da aka saita masa sai ya ba bireka umarnin ta buɗe. A da, kusa da rile a jikin ƙofar allo, akwai makunnai masu mariƙi da ake murɗawa da hannu. Ɗaya na buɗe bireka da rufe ta ne. Ɗaya na kunna ko kashe aikin mayar da wuta kai tsaye bayan ta yanke, wanda jadawalin IEEE C37.2 ya ba lamba 79. Ɗaya na zaɓar ko daga cikin tasha za a ba da umarni ko daga nesa, lamba 43. Wani kuma na dakatar da kariyar taɓa ƙasa, wato 51N. Ofareto yana shigowa karɓar aiki, kallo ɗaya zai yi wa allon ya san halin da kowace fida take ciki, domin mariƙin da ya karkata hagu ko dama yana nan a gaban idonsa, ko akwai wuta ko babu.

Tun 1984, lokacin da kamfanin SEL na Edmund Schweitzer da ke garin Pullman a jihar Washington ta Amurka ya sayar wa kamfanin wuta na Otter Tail rilensa na farko mai ƙwaƙwalwar kwamfuta, aka soma tattara ayyukan na'urori biyar ko shida a cikin akwati guda. Daga baya makunnan hannu su ma suka bi sahu. Yau makunni lamba ɗaya ce tak a cikin ƙwaƙwalwar rile, ko 0 ko 1, ana juya ta da maɓallan fuskar na'urar ko da saƙo daga ɗakin SCADA, inda ake lura da tashoshi ana ba su umarni daga nesa ta kwamfuta. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa musu. A rilen SEL-351 iri uku ne: LB da ake juyawa daga fuskar na'ura, RB da ake juyawa daga nesa, da LT mai riƙe matsayi. A MiCOM P14x ana kiran su Control Input, guda 32. A rilen GE Multilin na jerin UR akwai Virtual Input guda 64. Masu aiki da SIPROTEC na Siemens suna gina nasu a cikin manhajar DIGSI, masu Relion 615 na ABB kuma a cikin manhajar PCM600.

Ba mu zo kushe wannan ci gaba ba, domin mun san wahalar da ya ɗauke mana. Makunnin hannu guda ɗaya yana buƙatar huda a ƙofar allo, wayoyi aƙalla biyu, gurbi a layin tamina, da ƙofar shigar saƙo guda a bayan rile. In ana so ɗakin SCADA ya san matsayinsa, sai an ƙara wasu wayoyin biyu. In kuma ana so a juya shi daga nesa, sai an sayo wani ƙaramin rile mai riƙe matsayi. Kowane mahaɗi a cikin waɗannan wurin lalacewa ne. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin haƙoran makunni, tsatsa ta hau su, kuma wutar da ƙofar shigar saƙo take ja 'yan miliamfiya ce, ba ta isa ta ƙone wannan datti ba. Sai a ga mariƙi yana nuna a kunne, rile kuwa yana karanta a kashe. Ga ɓera da ke cin rigar waya, ga tsaka da ke kwanciya a kan tamina. Makunnin cikin manhaja ba ya tsatsa, ba a sayen sa, kuma rile yana iya rubuta daƙiƙar da aka juya shi. Matsalar tana wurin da ba a cika dubawa ba: me ke faruwa da wannan lamba idan rile ya mutu ya farfaɗo?

Rile ba da wutar layi yake rayuwa ba, da batirin tasha yake, yawanci 110V, ko dai ƙwayoyi 55 masu bolt biyu-biyu ko manyan batura tara masu 12V. Caja ce ke ciyar da batirin, ita kuma cajar da wutar tasha take aiki. In wuta ta ɗauke daga sama, batir ne kaɗai ke riƙe da komai. Batir mai 100Ah da ake jan amfiya 5 a jikinsa ba zai wuce awa 20 ba ko da sabo ne, kuma zafin ɗakunanmu yana cin ransa, tunda irin batirin nan da ba a zuba wa ruwa, ƙarin zafi na kimanin digiri 10 a kan 25 yana raba shekarunsa biyu. Duk wanda ya tuna duhun da ya rufe yawancin jihohin Arewa fiye da mako guda a watan Oktoba na 2024 ya san cewa ƙarewar batirin tasha abu ne da ke faruwa. Ko ba a kai ga haka ba, fis ɗin DC, wato wutar batirin, yana ƙonewa, ma'aikaci yana kashe ƙaramar birekar DC domin neman inda waya ta taɓa ƙarfe. A duk waɗannan, rile yana mutuwa ya sake tashi.

To, a SEL-351, LB da ake juyawa daga fuskar na'ura yana dawowa yadda aka bar shi, domin ana adana shi a ƙwaƙwalwar da ba ta mantuwa. LT ma haka. Amma RB, wanda ake juyawa daga nesa, kullum a 0 yake farkawa, ko yaya aka bar shi. A samfura da yawa na MiCOM P14x kuwa, matsayin makunnan yana dogara ne da wani ɗan batirin litiyam mai 3.6V, rabin tsawon batirin AA, da ke ɓoye a bayan marfin ƙasa na fuskar rile. In wannan ɗan batir ya mutu ko an cire shi, sannan wutar DC ta ɗauke ta dawo, duka makunnan sai su koma 0. Rile yakan yi ƙararrawar mutuwar batirin, amma ƙararrawa ce da ake yawan rainawa tunda ba ta hana fida aiki.

A kwatanta abin haka. Ɗakin SCADA ya aika RB1 ya zama 1, aka rubuta a manhaja cewa 1 yana nufin a hana mayar da wuta kai tsaye, saboda akwai masu sare reshen darbejiya a gefen layin 11kV mai wuta. Ana cikin aiki wutar DC ta yi ƙyafta ɗaya ta dawo. RB1 ya koma 0, aikin 79 ya dawo da ransa, babu wanda ya taɓa komai, babu wanda ya sani. Reshe ya faɗa kan waya tare da hannun mai sara, bireka ta buɗe kamar yadda ya kamata, bayan 'yan daƙiƙu rile ya sake rufe ta a kan mutumin. Rile bai yi kuskure ba, abin da aka rubuta masa ya bi.

Saboda haka ƙa'idar farko da muke so duk mai rubuta lissafin rile, wato sharuɗɗan da ake tsara masa ya bi, ya riƙe ita ce, a zaɓi ma'anar 0 da gangan, ta zama matsayin da ba ya cutarwa. Ga makunnin 79, a sa 1 ya zama a kunne, 0 a kashe. In ƙwaƙwalwa ta goge, abin da za a rasa bai wuce a tashi mutum ya rufe bireka da hannu ba. Ga makunnin dakatar da kariyar taɓa ƙasa kuwa, akasin haka za a yi: 1 ya zama an dakatar, 0 kariya tana aiki. In an manta komai, gara kariya ta dawo. Makunnai biyu a rile ɗaya, ma'anarsu ta saɓa, kuma daidai kenan. Wanda ya ce zai daidaita su duka su zama 1 a kunne domin allo ya yi tsari, ya saka ɗayansu a hanyar haɗari. Sannan kada a ɗora abin da ake so ya dawwama a kan RB kai tsaye. A yi amfani da RB biyu a matsayin ɗan bugu, ɗaya ya ɗaga LT, ɗaya ya sauke shi, LT ɗin ne zai riƙe matsayi.

Bari mu daɗe kaɗan a kan kariyar taɓa ƙasa, domin ita ce ta shafi mutanen gari kai tsaye. Dalilin da ya sa ake dakatar da ita na gaskiya ne. Idan za a haɗa fida biyu ta hanyar aisoleta, makunnin raba layi da ake ganin buɗewarsa da ido, wadda haƙoranta uku ba sa shiga lokaci guda, ko ta fis ɗin kan turke da ake rufewa ɗaya bayan ɗaya da sanda, na ɗan lokaci wutar layukan uku ba ta daidaita, rile kuma yana ganin wannan bambanci kamar waya ce ta taɓa ƙasa, sai ya buɗe bireka. Shi ya sa ake dakatar da kariyar na 'yan mintoci. Da makunnin hannu, ofareton da ya karɓi aikin dare zai ga mariƙin a karkace ya tambaya. Da makunnin da ke ɓoye a shafi na uku na cikin menu, yana iya yin wata shida a dakace. Ga lissafin abin da hakan ke nufi. Tsakanin waya ɗaya ta layin 11kV da ƙasa akwai kimanin bolt 6,350. In wayar ta tsinke ta faɗi a kan busasshen yashi ko tsakuwa a lokacin rani, turjiyar wurin tana iya kai om 500, wato wutar da za ta bi ƙasa ba ta wuce amfiya 13 ba. Kariyar yawan wuta da aka saita a ɗaruruwan amfiya ba za ta ko motsa ba. Kariyar taɓa ƙasa ta gama-gari ma, in CT ɗin 400/1 ne aka saita ta a kashi 20 cikin ɗari, sai wuta ta kai amfiya 80 take gani. Kariyar taɓa ƙasa mai kaifi, da ake saitawa a 'yan amfiya kaɗan, ita kaɗai ce za ta kama wannan, kuma ita ce aka fi dakatarwa lokacin haɗa fida. Waya tana kwance a bakin hanyar makaranta da wuta a jikinta, ba hayaƙi, ba ƙara. Maganin ba shi da tsada: a ɗaura wa makunnin agogo a cikin manhaja, in ya wuce minti goma sha biyar a dakace ƙararrawa ta tashi a tasha da ɗakin SCADA, kuma ɗaya daga cikin fitilun fuskar rile ya kasance a kunne muddin kariyar tana dakace.

Akwai makunnin da ƙa'idar 0 ba ta isar masa, shi ne alamar cewa akwai mutane a kan layi ko kusa da shi. Aikinsa ya hana 79, ya hana duk wani umarnin rufe bireka, ya kuma sa rile ya yanke nan take ba jira. Wannan in ya goge ya koma 0 haɗari ne, don haka dole a ɗora shi a kan makunni mai dawwama, kuma a tsara shi yadda inda aka sa shi nan ne kaɗai za a iya cire shi. In ofareton tasha ne ya sa, ɗakin SCADA ba shi da ikon cirewa. Wani rami da ake yawan faɗawa a nan shi ne na wayoyi. A alluna da yawa, musamman tsofaffin da aka cire musu rile na da aka dasa sabo, makunnin hannu na rufe bireka yana tafiya kai tsaye zuwa koyil ɗin rufewa, bai bi ta cikin rile ba. Sai fuskar rile ta nuna an hana rufewa, alhali duk wanda ya murɗa mariƙin ƙofa bireka za ta rufe. Ko dai a karkatar da wannan waya ta shiga rile a matsayin roƙo, rile ne zai yanke hukunci, ko a sa mahaɗin wani rile mai riƙe matsayi a kan hanyar koyil ɗin. Zanen wayoyi kaɗai ba ya isa shaida a nan, sai an murɗa an gani.

Sai batun maɓalli ɗaya mai kunnawa da kashewa. Yana da daɗin aiki a fuskar rile, inda mutum yake ganin fitila tana amsa masa. Daga nesa kuwa tarko ne. In layin sadarwa ya yi nauyi, amsa ba ta dawo da wuri ba, mai aiki ko ita kanta manhajar SCADA ta sake aika umarnin, bugu na biyu zai warware na farko. Daga nesa umarnin kunnawa daban, na kashewa daban, ta yadda ko sau goma aka maimaita sakamako ɗaya ne. Ko a cikin tasha, yadda aka rubuta lissafin yana da muhimmanci. A yaren SEL, in aka rubuta SET1 = IN104 * !LT1 da RST1 = IN104 * LT1, wato maɓalli ɗaya ya ɗaga LT1 in yana 0, ya sauke shi in yana 1, aka manta alamar / da ke nufin a kama farkon bugu kawai, to muddin yatsa yana kan maɓallin LT1 zai yi ta juyawa. SEL-351 yana zagaya lissafinsa sau huɗu a kowane zagayen wuta, a 50Hz kuwa zagaye ɗaya milisakan 20 ne, wato duk milisakan 5 makunnin zai sauya, sau 200 a daƙiƙa guda. Inda zai tsaya sa'a ce kawai. Bayan haka, ƙwaƙwalwar da ba ta mantuwa tana da iyakar yawan rubutun da take ɗauka, irin wannan kaɗawa tana cinye ta, har rile ya kai ga ayyana kansa a matsayin mara lafiya. A sa alamar farkon bugu, a ƙara ɗan agogon jinkiri saboda rawar haƙoran maɓalli. A kuma san wanda ke rinjaye in umarnin ɗagawa da na saukewa suka zo tare. A SEL-351 saukewa ce ke rinjaye, a jerin UR kuwa injiniya ne ke zaɓa a saiti.

Rukunin saiti, wato cikakken jerin saiti da ake iya juya rile zuwa kansa, shi ma yana da nasa tarkon. SEL-351 yana da rukuni shida, MiCOM P14x huɗu, kuma kowane rukuni da lissafinsa. An sha rubuta makunnin hana 79 a rukuni na ɗaya a manta da na biyu. Ranar da aka juya zuwa rukuni na biyu saboda an ɗora wa fida kayan maƙwabciyarta, makunnin yana nan a 1, fitilarsa ma wataƙila tana ci, amma babu abin da yake hanawa.

Abin da ya fi waɗannan duka saurin shammatar ƙwararru shi ne canjin rile. In rile ya lalace aka kawo sabo, makunnin hannu yana nan a jikin ƙofa yadda aka bar shi. Makunnin manhaja kuwa ya tafi tare da tsohon akwatin. Fayil ɗin saiti da ke cikin laftof yana ɗauke da lissafi da sunayen makunnai, amma ba ya ɗauke da matsayin da suke ciki. Sabon rile zai tashi da komai a 0. Haka abin yake iya kasancewa bayan sabunta manhajar cikin rile. Don haka kafin a taɓa, a rubuta matsayin kowane makunni a takarda, in tsohon rilen ya mutu sarai a ɗauko daga littafin ofareto, bayan an gama a mayar da su ɗaya bayan ɗaya, mutum biyu su sa hannu. Kuma a daina ɗauko fayil ɗin wata fida a loda wa wata saboda rilen iri ɗaya ne. LB3 a wannan allo yana iya zama buɗe bireka, a na kusa da shi ya zama dakatar da kariya. Kowane kamfani ya kamata ya tsayar da jadawali ɗaya: lamba kaza aikinta kaza a kowace tasha, daga babbar tasha har ƙaramar ta ƙauye.

Game da umarni daga nesa, abin da ya faru a Yukren ya isa darasi. Ranar 23 ga Disamba 2015, masu kutse suka shiga kwamfutocin kamfanonin rarraba wuta uku, suka riƙa buɗe birekoki daga nesa, kimanin masu amfani da wuta 225,000 suka shiga duhu a tsakiyar sanyi. Abin da ya dawo da wuta cikin sa'o'i shi ne ma'aikata sun bazu zuwa tashoshi sun koma aiki da hannu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, tunda mu ma muna ta haɗa tashoshinmu da SCADA. Shi ya sa muke ganin makunnin 43 ya zauna na hannu, mai ɗan makulli, a haɗa shi da ƙofar shigar saƙo ta rile. Kuma a tabbatar ya rufe duk hanyoyin. A tsarin sadarwa na IEC 61850, in rile yana matsayin cikin tasha yana ƙin umarnin nesa da kansa. Amma RB da ke shigowa ta tsarin sadarwa na DNP3 ko ta wayar siriyal ba lallai ne wannan ya tare shi ba, sai an rubuta sharaɗin a cikin lissafi. Kalmar sirrin da rile ya zo da ita daga masana'anta kuwa tana rubuce a littafin da kowa zai iya saukewa a intanet, a canza ta ranar da aka ƙaddamar da allon.

Akwai abubuwan da ba mu yarda a mayar cikin manhaja ba ko kaɗan. Hanyar buɗe bireka da hannu ta tafi kai tsaye zuwa koyil ɗin buɗewa, domin ranar da rile ya mutu duk makunnan cikinsa sun mutu tare da shi, a ranar ce kuma aka fi buƙatar yanke wuta. Rilen kulle mai lamba 86, wanda ke hana mayar da taransifoma bayan babban lahani, ya zauna mai mariƙi, sai mutum ya je ya duba ya mayar da hannunsa. Fiye da komai, babu makunnin manhaja da ke zama madadin raba layi. Mai hawa turke ba ya karɓar famit, wato takardar izinin aiki, sai an buɗe bireka, an buɗe aisoleta ya ga tazarar da idonsa, an sa kwaɗo da allon gargaɗi, an gwada layin an ga babu wuta, an ɗaura wayar ƙasa ta gaba da ta baya. Rubutun da ke kan gilashin rile ƙari ne a kan waɗannan. Gani ya kori ji.

Gwajin kansa ba ya cin fiye da awa biyu ko uku a kan fida ɗaya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, a yi shi kafin a karɓi allo daga hannun ɗan kwangila. Ana yi ne fida tana kashe an raba ta da layi, domin kashe wa rile wuta a kan fida mai aiki barin ta ne babu mai gadi. A fara da juya kowane makunni zuwa 1, a rubuta. A kashe ƙaramar birekar DC ta rilen, a jira minti guda, a kunna, a duba wanda ya tsaya da wanda ya koma 0, a gwama da abin da jadawali ya ce. In MiCOM ne a duba ɗan batirin nan tukuna. Sannan a haɗa na'urar gwaji a cusa wa rile wutar da ta wuce iyaka, sau ɗaya 79 yana kunne, sau ɗaya yana kashe, a ga bireka ta koma ko ba ta koma ba. A yi haka da kariyar taɓa ƙasa, a bar ta a dakace har agogonta ya cika a ji ƙararrawa. A sa alamar mutane a kan layi, a gwada rufe bireka ta hanya huɗu: mariƙin ƙofa, maɓallin fuskar rile, umarnin SCADA, da 79. Duka huɗun su ƙi. A mayar da 43 kan cikin tasha, a roƙi ɗakin SCADA ya aiko kowane umarnin da yake da shi, a ga babu wanda ya shiga. Sai a juya zuwa rukunin saiti na gaba a maimaita daga farko, har a gama duk rukunin da ake amfani da su. A ƙarshe a buɗe rajistar abubuwan da suka faru a ga kowane juyi ya fito da lokacinsa. A SEL, makunni ba ya shiga wannan rajista sai an sa sunansa a jerin SER, kuma in agogon rile bai daidaita da hanyar saita lokaci ta IRIG-B ko SNTP ba, lokacin da ya rubuta ba zai yi amfani ba ranar bincike.

Sunan makunni ma a kula da shi. SEL-351 yana ba da gurbin harafi 14 ne kawai na suna, 7 na matsayi, don haka ake gajarce kalmomi har ma'ana ta ɓace. Makunnin da sunansa yake nufin hanawa, matsayinsa kuma ya ce a kunne, ofareton da aka tasa da ƙarfe uku na dare zai iya karanta shi a juye. Matsayin ya faɗi halin da kariyar take ciki kai tsaye, tana aiki ko an dakatar. A manna kati mai rigar leda a ƙofar kowane allo, da Turanci da Hausa, mai nuna lambar makunni, aikinsa, fitilar da ke nuna shi, da abin da yake komawa in DC ta ɗauke.

Roƙonmu ga hukumar NEMSA, wadda ke duba kayan wuta kafin a ƙaddamar da su, shi ne ta sa wannan jadawali da sakamakon gwajin ɗauke DC a cikin takardun da take nema. Cibiyar NAPTIN mai horar da ma'aikatan wutar lantarki ta sa darasin a horon ofaretoci, kada ya tsaya ga injiniyoyi kaɗai, tunda ofareto ne ke kwana da allon. Kamfanonin rarraba wuta da TCN, kamfanin manyan layukan dakon wuta, kuma su ƙara layi a takardar miƙa aiki tsakanin mai tashi da mai karɓa, inda za a rubuta matsayin 79, na kariyar taɓa ƙasa, na alamar mutane a kan layi da rukunin saitin da ke aiki a kowace fida, a karanto su daga fuskar rile a lokacin, kada a kwafo daga shafin jiya.

Mun gode da filin da ka ba mu, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wasu ma'aikatan sashen kariyar layin lantarki, Kano